BABI NA UKU: DAGA FURE ZUWA SINADARI, TARIHIN SAUYIN TURAREN WARDI A BIRNIN KANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda turaren wardi ya tashi daga kayan sarakuna da attajirai ya zama abin da talaka ke saye da kuɗin aljihunsa. Za a dubi hanyar da turaren ke bi ya iso Kano kafin zuwan Turawan mulkin mallaka, sannan a dubi binciken da masana kimiyya suka yi a Turai wanda ya sa aka iya haɗa ƙamshin wardi da na furen bayolet ba tare da an tsinki fure ko ɗaya ba. An ɗauki Ƙofar Kabuga a matsayin madubi, domin ta nan ne sojojin Ingila suka shiga birnin a shekarar 1903, kuma daga wannan shiga ce alƙiblar cinikin Kano ta juya daga arewa ta koma kudu. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, sunan turare bai sauya ba a bakin Bahaushe, amma abin da ke cikin kwalba ya sauya, kuma ilimin haɗa shi bai taɓa zaunawa a Kano ba.

3.1 Matsayin Turare a Rayuwar Bahaushe

Tun kafin turaren kwalba ya yawaita, Bahaushe yana da nasa kayan ƙamshi. Akwai kajiji da ake haƙowa a fadama, akwai jibda da ake samu daga jikin tunkun juda, akwai kuma saiwoyi da ƙiraren itatuwa iri-iri da mata ke harhaɗawa su yi turaren wuta. Zuwan Musulunci ya ƙara wa turare daraja, domin sunna ce mutum ya shafa shi idan zai tafi masallacin Juma'a ko Idi, kuma ana amfani da shi tare da kafur wajen shirya gawa. Haka kuma lefe ba ya cika sai da turare. Wannan ya nuna cewa buƙatar turare ta game kowa da kowa, sai dai ba kowane irin turare ne hannun kowa ke kai wa ba.

Kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fanni sun isa shaida kan inda kayan suka fito. Wardi da almiski da ambar da jawi da kafur duk daga Larabci aka aro su. Kalmar wardi a wajen Larabawa sunan fure ce, amma a wajen Bahaushe sunan turare ce, saboda shi man ya fara gani, bai ga furen ba. Itacen wardin da ake tatsar mai daga furensa yana son ƙasa mai sanyi da tsaunuka, don haka ba a noma shi a ƙasar Hausa.

3.2 Man Wardi a Zamanin Fataucin Sahara

Fasahar tatsar ƙamshi daga fure tsohuwar aba ce a ƙasashen Musulmi. A ƙarni na 9 Alkindi, masanin nan na Bagadaza, ya rubuta littafi kan haɗa turare da tatsarsa. Yadda ake yi shi ne a zuba fure da ruwa a tukunyar tagulla a hura wuta, tururi ya bi ta bututu ya huce ya koma ruwa. Wannan shi ne ruwan wardi. Ɗan man da ke tasowa a samansa kuwa shi ne man wardi, kuma shi ne mai tsada. Ana buƙatar fure kimanin kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a sami kilo 1 na mai. Furen kuma da hannu ake tsinkarsa da asuba kafin rana ta yi zafi, cikin 'yan makonni kaɗan a shekara. A ƙarni na 19 babbar cibiyar wannan sana'a ita ce kwarin Kazanlak na ƙasar Bulgeriya, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Daga kasuwannin Masar da Tunis da Tarabulus ne wannan mai ke kamo hanyar Kano a bayan raƙuma. Ayari kan biyo ta Gadamus da Gat da ƙasar Asbin da Damagaram, tafiyar watanni, kafin a sauke kaya a gidajen Larabawa na cikin birni, irin na unguwar Dandalin Turawa. Ya kamata a lura cewa a wancan zamani Larabawa ake kira Turawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a shekarar 1851, kuma a cikin kayayyakin da ya lissafa ana shigo da su daga arewa akwai alharini da takarda da allurai da duwatsun wuya da kanumfari da jawi da man wardi. Fatake kuwa su koma da kirgi da tufafin saƙi da hauren giwa da gashin jimina da bayi.

Idan aka haɗa wahalar tatsa da nisan hanya da haɗarin 'yan fashi a Sahara, za a gane dalilin da ya sa man wardi ya zama kayan fada da na manyan attajirai. Haka nan kuma tsadarsa ce ta jawo masa algus tun daga tushe. A can ƙasashen Turkawa akan gauraya shi da man wata ciyawa ta Indiya mai suna palmarosa, mai ƙamshi kusa da na wardi. Wannan ciyawa 'yar'uwar tsaure ce da nobe da ke fitowa a dajin ƙasar Hausa. Za a ga nan gaba cewa wannan algus ba a banza ya yiwu ba, akwai dalili na kimiyya a ƙarƙashinsa.

3.3 Gano Sinadaran Ƙamshin Wardi

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 masana kimiyyar haɗa sinadarai a Jamus da Faransa da Ingila suka duƙufa wajen gano abin da ke sa kowane tsiro ƙamshinsa. A shekarar 1868 William Perkin ya haɗa sinadarin kumarin a Ingila. A 1874 Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann suka haɗa banilin a Jamus, aka kafa masana'antarsa a garin Holzminden, wadda daga baya ta zama kamfanin Haarmann & Reimer. Daga nan aka tabbatar cewa ƙamshi ba wani sirri ba ne da ke ɓoye a jikin fure kaɗai, sinadari ne da za a iya warewa, a auna, a kuma ƙera irinsa.

Dangane da wardi, bincike ya nuna cewa mansa ya ƙunshi sinadarai sama da 300, amma kaɗan ne daga cikinsu ke ɗauke da nauyin ƙamshin. Muhimmai daga ciki su ne:

(a) Jeraniyol. Oscar Jacobsen ne ya ware shi a shekarar 1871, kuma daga man palmarosa ya ware shi. Wato ciyawar da ake yi wa wardi algus da ita, sinadari guda suke ɗauke da shi da furen.

(b) Sitronelol. Shi ne ya fi yawa a cikin man wardin Bulgeriya, kuma ana samunsa a man ciyawar sitronela mai araha.

(c) Feniletanol. Wannan yana narkewa cikin ruwa, saboda haka mafi yawansa a ruwan wardi yake tsayawa, ba ya bin mai. Shi ne ke ba da ƙamshin nan mai taushi na ɗanyen fure. A shekarar 1903 wasu Faransawa biyu, Louis Bouveault da Gustave Blanc, suka fito da wata dabara ta amfani da sodiyam wadda ta sauƙaƙa ƙera shi da yawa a masana'anta.

Da waɗannan ukun mai haɗa turare zai iya yin abin da hanci zai karɓa a matsayin wardi, a kan farashin da bai kama ƙafar na ainihin man ba. Duk da haka, ƙwararru sun daɗe suna jin akwai abin da ya rage. Sai a shekarar 1959 masanan kamfanin Firmenich na Suwizalan suka gano wani sinadari da suka kira oksid na wardi, sannan a 1970 suka bayyana damasinon, wanda aka raɗa wa suna daga wardin Dimashƙa. Damasinon bai kai kashi 1 cikin 100 na man wardi ba, amma ƙarfinsa ya sa shi ne ke ɗauke da kaso mai yawa na ƙamshin da hanci ke ji. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wardin kanti na farkon ƙarni na 20 bai kai na ayari zurfin ƙamshi ba.

3.4 Ƙamshin Bayolet da Dangantakarsa da Lalle

Bayolet wani ɗan ƙaramin fure ne mai launin shunayya da ke fitowa a ƙasashen sanyi, Larabawa na kiransa banafsaj. Ba shi da suna a Hausa domin ba a san shi ba a nan. Man da ke cikinsa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shi ya sa ƙamshinsa yana cikin mafi tsada a Turai ta ƙarni na 19. A shekarar 1893, shekarar da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu aka shiga yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, Tiemann da abokin aikinsa Paul Krüger suna can suna binciken saiwar wani tsiro mai suna iris, wadda ke ƙamshin bayolet. A garin haka suka haɗa sitral, wanda ake samu daga man ciyawar lemun tsami, da asiton, suka sami sabon sinadari da suka kira ayonon. A cikin shekarun 1890 ɗin kamfanin Roger & Gallet na Faransa ya fito da turaren Vera Violetta, wanda ake lissafawa cikin na farko da suka yi amfani da shi. Nan da nan ƙamshin bayolet ya sauko daga gidajen masu hali ya shiga sabulu da hoda da jan-baki da alewa.

Ayonon yana da wata ɗabi'a ta daban. Idan mutum ya shaƙe shi, hanci kan daina jinsa na ɗan lokaci, sannan ƙamshin ya dawo. Wannan ne ya sa mai shafa irin wannan turare kan zaci ya gushe alhali na kusa da shi yana ji.

Abin lura a nan shi ne, ko da yake Bahaushe bai san furen bayolet ba, hancinsa ya san ayonon tun da daɗewa. Binciken da aka yi kan man furen lalle ya nuna cewa ayonon yana cikin sinadaran da ke ba shi ƙamshi. Lalle kuwa tsiro ne da ake shukawa a lambuna da bayan gidaje, kuma babu bikin aure da ake yi ba tare da shi ba. Bisa ga dukkan alamu wannan yana cikin dalilan da suka sa hoda da sabulun kanti masu wannan ƙamshi ba su zo wa matan Hausawa a matsayin baƙon abu ba.

3.5 Ƙofar Kabuga da Juyawar Alƙiblar Ciniki

Ƙofar Kabuga tana yammacin birni, a kan hanyar da ta nufi Gwarzo. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a cikin aikin faɗaɗa ganuwa da aka yi a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623. Ba ita ce ƙofar ayarin Sahara ba, domin shi daga arewa yake fuskantar birni. Amma ita ce ta ga abin da ya kawo ƙarshen wannan ayari. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta iso Kano, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ta Ƙofar Kabuga suka sami kutsawa cikin birni, Sarkin Shanu Muhammadu da aka bar wa tsaron gari ya rasa ransa a fada, daga baya Lugard ya naɗa Abbas sarki. Shekarar kuwa ita ce wadda Bouveault da Blanc suka fito da dabararsu a Faransa. Babu wata alaƙa tsakanin abubuwan biyu a lokacin, amma sakamakonsu ya haɗu a kasuwar Kurmi.

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano daga kudu, kuma a shekarar ce Italiya ta kai wa Tarabulus mamaya. Kayan da a da ke shafe watanni a Sahara suka koma zuwa ta jirgin ruwa su sauka a Ikko, jirgin ƙasa ya kawo su cikin kwanaki. Kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Kwara suka buɗe kantuna a wajen ganuwa. Noman gyaɗa kuma ya sanya kuɗi a hannun manoma, su ma suka shiga sahun masu sayen kayan kanti. Turaren da ya cika waɗannan kantuna ba man fure ba ne tsantsa, haɗi ne na sinadarai da aka yi a masana'antun Turai, aka zuba a ƙananan kwalabe masu takarda mai hoto.

Ba turare kaɗai wannan ya shafa ba. A shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na sinadari, wanda sannu a hankali ya rage wa baba daraja a marinu irin na Ƙofar Mata. Bambancin shi ne, a wajen rini Kano ta yi asarar sana'ar da take da ita, a wajen wardi kuwa dillalan Sahara ne suka yi asara, talakan Kano ya sami abin da a da sai dai ya shaƙa a jikin wani.

3.6 Bint El Sudan da Masana'antar Turare a Kano

Babu turaren da ya fi wakiltar wannan sabon zamani kamar Bint El Sudan, wanda Hausawa ke kira Bintu Sudan. Kamfanin W.J. Bush ne ya yi shi, kamfanin da aka kafa a Landan a 1851, shekarar da Barth ya zo Kano. Wani wakilin kamfanin mai suna Eric Burgess ne ya karɓi samfurin kayan ƙamshi daga 'yan kasuwar Sudan, aka kai ɗakin binciken kamfanin aka haɗa irinsu, aka fito da turaren a shekarar 1920. An yi shi da mai, ba a sa masa sinadarin barasa ba, wanda hakan ya sa Musulmi suka karɓe shi ba tare da shakkar yin salla da shi ba. Mai kuma ya fi daɗewa a jiki a ƙasa mai zafi.

Daga shekarar 1952 aka fara ɗura shi a Kano, daga nan yake bazuwa zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. A 1966 W.J. Bush ya haɗe da wasu kamfanoni biyu suka zama Bush Boake Allen, sannan a shekarar 2000 kamfanin IFF na Amurka ya saye shi. Bintu Sudan da sauran 'yan'uwansa irin su ɗan-goma da ɗan-Duwala suka shiga lefe, suka shiga humra da turaren wuta da mata ke haɗawa, har ma masu bori da masu magani suka sanya su cikin kayan aikinsu. Wato abin da aka haɗa a Landan ya zama kayan al'ada, har mutane da yawa suna ɗaukarsa abin da aka gada kaka da kakanni.

Sai dai a nan ne matsalar take. Aikin da ya zo Kano shi ne na tsarmawa da ɗurawa da liƙa takarda da rarrabawa. Ainihin sinadaran, wato jeraniyol da sitronelol da feniletanol da ayonon, a waje ake ƙera su, a yau galibi daga sinadaran man fetur ko daga man itacen fayin. Lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a shekarar 1986 darajar naira ta faɗi, duk masana'antar da ke dogaro da kayan haɗi na waje ta ji a jikinta. Haka nan a watan Oktoba na 2017 gobara ta tashi a masana'antar sitral ta BASF da ke Ludwigshafen, aka sami ƙarancin wannan sinadari da abubuwan da ake yi da shi a kasuwannin duniya. Wannan ya nuna yadda 'yan kamfanoni ƙalilan ke riƙe da tushen sana'ar. Ko turarukan Dubai da Saudiyya da Indiya da suka cika shagunan Kano a yau, ana aunawa a ƙananan kwalabe, mafi yawan masu sauƙin kuɗi daga cikinsu da irin waɗannan sinadarai aka haɗa su.

Akwai kuma batun lafiya. A shekarar 2003 Tarayyar Turai ta lissafa sinadaran ƙamshi 26 da dole a rubuta sunansu a jikin kaya idan sun wuce wani ma'auni, saboda sukan jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙurajen fata. Jeraniyol da sitronelol da sitral da wani nau'in ayonon duk suna ciki. A Nijeriya hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ce ke da alhakin kula da kayan shafa. Amma turaren da ake aunawa daga babbar kwalba zuwa ƙarama a shago ba ya zuwa wa mai saye da wata takarda da ke faɗin abin da ke ciki.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa wardi ya iso Kano da farko a matsayin man fure mai tsada da ayari ke kawowa ta Sahara. An ga yadda binciken da aka yi a Turai tsakanin 1871 da 1903 ya ba da damar haɗa ƙamshin wardi da na bayolet daga sinadarai masu araha, da yadda binciken 1959 da na 1970 suka ƙara kusanto da shi ga ainihin fure. An kuma ga cewa shigar Turawa ta Ƙofar Kabuga da zuwan jirgin ƙasa su ne suka buɗe wa waɗannan kayayyaki hanya. Amfanin da aka samu a fili yake, domin turare ya kai ga kowane gida. Abin da ba a samu ba shi ne ilimin ƙera shi. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, inda ake koyar da kimiyyar sinadarai, tana kusa da Ƙofar Kabuga, lalle da tsaure da nobe kuma suna nan a gonaki da dazuzzukan ƙasar. A babi na gaba za a dubi yadda mata masu haɗa humra da turaren wuta ke sarrafa waɗannan turarukan kanti tare da kayan ƙamshin gargajiya, da sunayen da suka raɗa musu.